Kibiyar Yallaɓai Ta Ƙi Ƙetarawa

Alluna biyu ne a kan teburin Yallaɓai Manaja, kwamfuta ɗaya, maus ɗaya. Ni na haɗa masa su shekara uku da suka wuce, kuma ni na haɗa su a baibai. Idan yana son kibiyar ta je allon dama, sai ya tura maus hagu, ta ɓace, ta ɓullo ta can. Da ya tambaye ni dalili, kunya ta hana ni cewa kuskure na yi. Na ce masa ai haka na manya yake, don kada kowane kare da doki ya iya taɓa masa aiki. Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Ranar Litinin Inna mai shara ta ɗaga allunan ta goge teburin, ta mayar da na hagu dama, na dama hagu. Wato matar da ba ta taɓa riƙe maus ba ta gyara abin da injiniya ya ɓata.

Na tarar da Yallaɓai yana ta turawa hagu, kibiyar ta cije a bakin allo kamar akuyar da aka ja zuwa wanka. Maus ya kai ƙarshen tebur, ya ɗaga, ya sake turawa. Inna na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Sakatariya har ta buga takardar sallamar Inna, wai ta lalata kwamfutar, sa hannu kawai ya rage. Shekararta goma sha ɗaya tana share ofishin nan.

Zan iya musanya allunan in yi shiru, amma takardar ba za ta koma cikin firinta ba. Na ji tsoro sosai, ba na ɓoyewa.

"Yallaɓai, a gwada turawa dama," na ce.

Ya harare ni, ya tura. Kibiyar ta ƙetara sumul.

"Haka na kowa yake, ranka ya daɗe. Ni na ɓata tun farko. Inna gyarawa ta yi."

Ya daɗe yana kallon maus ɗin. Na san ba ni yake tunawa ba, baƙin nan yake lissafawa ɗaya bayan ɗaya, har da surukinsa.

"Wa ya sani bayan mu?"

Na ce babu. Ya yaga takardar, ya miƙa wa Inna ta zuba a kwando.

"Inna, yi haƙuri. Kai kuma mayar min da shi yadda ka lalata shi. Hannuna ya saba."

Na mayar. Ina durƙushe ina jan wayoyi Inna ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Ɗan nan, in akwai wani abin da ka haɗa, faɗa min tun yanzu in daina gogewa."