Kwanon Maraɗi

Duk direban da ya taɓa cin tuwo a rumfar Salmatu, nan bakin shingen kwastan na Jibiya, ya san kwanon. Tsoho ne, fentinsa ya ɓare, gefensa ya lotse, yana rataye a ƙusa jikin ginshiƙin rumfar, kuma ba a zuba wa kowa komai a ciki. In aka tsokane ta ko maganin jan kasuwa ne, sai ta ce jiran mai shi yake.

Tana 'yar budurwa mahaifinta Malam Lawal, mai fataucin goro, ya tsallaka da ita Maraɗi, gidan amininsa Hamidu, don ta koyi ɗinkin keke a wajen Tsahara, matar Hamidun. Ba za a yi wa Tsahara ƙarya ba, ba ta taɓa dukanta ba, ba ta kuma bar ta da yunwa ba. Abin da ta yi mata ya fi duka ciwo. In an sauke tuwo, 'yan matan gidan sai su kewaye akushi ɗaya suna ture-ture suna dariya, ita kuwa a zuba mata nata a kwanon nan a tura mata bakin madafi.

"'Yar Ingilishi ce, ba ta saba da cimarmu ba," in ji Tsahara, duk lokacin da maƙwabta suka tambaya, don haka ake kiran mutanen Nijeriya a can.

Ranar da Salmatu ta manta ta miƙa hannu cikin akushin, Tsahara ta kama wuyan hannun ta ɗauke shi a hankali, kamar mai cire ƙuda daga miya. Da zamanta ya ƙare za ta dawo gida, sai ta cusa kwanon cikin ƙullin kayanta. Ɗinkin ma ta watsar da shi, don ƙarar keke kaɗai tana tuna mata da gidan.

Sai duniya ta juya. Kuɗin mai ya shigo Nijeriya, motocin siminti da na shinkafa suka yi layi a Jibiya, rumfar Salmatu ta cika har tana ɗaukar masu taya ta tuƙi. Can ƙetare kuwa fari ya cinye gyaɗa da dabbobi, Hamidu ya karye, daga baya ya rasu. Salmatu ta ji labarin duka a bakin direbobi. Ta yi wa Hamidu addu'a, ta kuma sa aka wanke kwanon.

Wata ranar kasuwa da hantsi wata tsohuwa ta sauko daga bayan mota, da yarinya a gefenta riƙe da ƙullin kaya. Tsahara ce, ta rame har zane yana zagaya ta. Salmatu ta ji daɗi ya ratsa ta tun daga ka har ƙafa, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

"Sannu da zuwa, Inna," ta ce, har da rusunawa.

Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya. Sannan Tsahara ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗiyata, wagga autata ce, Hajara. Gida babu abin ci. Na kawo miki ita ki riƙe, ta taya ki aiki, kamar yadda muka riƙe ki."

"Kamar yadda kuka riƙe ni," in ji Salmatu. "To, na karɓa."

Ta miƙe ta sauko da kwanon daga ƙusa. Ta cika shi da tuwon shinkafa, ta zaɓo tsoka mafi kyau ta ɗora, ta ratsa bencin da baƙi ke zama, ta wuce tabarmar da 'ya'yanta mata suka kewaye tire, ta je ta ajiye shi can bakin murhu inda hayaƙi ke bugawa.

"Bismilla, Inna. Na ga ba ki saba da cimarmu ba."

Tsahara ta dubi lotsewar gefen kwanon ta daɗe. Ta gane shi. Ba ta yi musu ba, ta ja jiki ta tsuguna a bakin murhun ta ci, don yunwar gaske take ji. Salmatu ta tsaya a kanta tana kallon kowace loma. Hajara na rakuɓe a gefe, ba ta san abin da ake yi ba.

Da tsohuwar ta gama, sai ta wanke kwanon da kanta, ta rungume shi a ƙirji, ta yi ƙasa da murya.

"Na ci nawa, kuma ni na jawo. Abu guda nike roƙo. Ki ba ni kwanon ga in tafi da shi. Kar in bar shi gidan da ɗiyata za ta zauna."

Salmatu ta sa hannu ta zare shi daga ƙirjinta a hankali.

"A'a, Inna. Akwai sauran amfaninsa."

Ta mayar da shi kan ƙusa. Yaron mota ya fara kiran masu komawa Maraɗi, ba kuma wata motar sai kasuwa mai zuwa. Tsahara ta hau tana waiwaye, idonta na kai-komo tsakanin 'yarta da ginshiƙin rumfa, har aka ɗaga sandar shinge motar ta wuce.

Salmatu ta jira sai da motar ta ɓace tukuna. Sannan ta juya ga yarinyar.

"Ke Hajara, wanke hannu ki shiga cikin 'yan'uwanki. A gidan nan tire ɗaya ake ci."

Yarinyar ta zauna, aka matsa mata, ta miƙa hannu. Daga ranar ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Amma duk direban da zai tsallaka, Salmatu kan ja masa kunne: in tsohuwar nan ta Maraɗi ta tare shi da tambaya, ya ce mata Hajara na lafiya, kwanon ma yana nan.