Farantin da Ya Kalli Kudu

Da na dawo daga karatu a Jamus na tara masu sana'a uku mu riƙa haɗa farantin sola a gida, don ya yi araha. Obi na Sabon Gari ke yanka gilashi da firam. Rhoda, a shagonta na Samaru, ke jera ƙwayoyin farantin tana liƙe wayoyinsu da dalma. Keken ɗinkinta ta sayar ta shigo aikin. Baba Luka mai walda ke yin ƙafafun ƙarfe. Ni ke zane.

A watan Mayu muka kai farantinmu na farko wani lambun alayyafo a Hanwa, ya ja famfon rijiya. Na ce a tayar da shi sosai ya kalli kudu.

"Injiniya, wannan ai allon makaranta ne," in ji Baba Luka. "A kwantar da shi."

"Haka aka koya mini," na ce.

Rana ta take, famfo sai ɗiga yake. Ban auna komai ba. A gaban kowa na ce liƙin Rhoda ne bai kama ba. Obi ya ce ya san wani a Kano, daga gobe a ba shi aikinta. Rhoda ta tsaya tana kallon ƙunar dalma a yatsunta.

Baba Luka ya ja ni fili. "Ina inuwarka?"

Na duba. Tana ƙarƙashin ƙafata. Rana na bisa kaina, har ta ɗan karkata arewa. A Jamus ba ta hawa haka, shi ya sa suke tayar da nasu. Na san wannan. Na ci jarrabawa a kansa.

Baba Luka ya kwance noti huɗu, shi da Obi suka sauke farantin har ya kusa kwanciya. Famfo ya yi tari, ruwa ya kwararo cikin alayyafo.

"To, ɗan Kano ya huta," in ji Obi yana dariya. Ba wanda ya taya shi.

Na je wurin Rhoda, na sassauta murya. "Laifina ne. Liƙinki lafiya lau."

"Na farkon a gaban kowa ka faɗa, Injiniya."

Na juya na sake faɗa da ƙarfi, har mai lambun ya ɗago kai.

Ta ɗauki jakarta. "Ƙwayoyi na gaba su iso shago kafin Laraba," ta ce. "Kuma ka riƙa zuwa da abin awo."