Kason Ƙudan Ndambuki

Na sha ganin abin mamaki a Kitui, har da akuya mai cin taba, amma Ndambuki maƙwabcina ne kaɗai na sani yana ɓoye wa ƙudan zuma sirri. Amyoyinsa ɗari uku suna rataye a kukoki, kuma ya gaji wata magana daga ubansa: duk wanda ya faɗi yawan zumar da yake sa rai a gaban ƙuda, za su yi fushi su tashi.

Da cinikinsa ya bunƙasa, ofishin haraji ya ce ya riƙa kintatar ribar shekara tun da wuri, yana biya kashi-kashi. Sai ya cika takardar a gindin kuka, ƙuda na shawagi a kansa. 'Yarsa Kavindu ce mai rubutu.

"Baba, nawa zan sa?"

Ya ɗaga kai ya dubi amya, ya ɗaga murya. "Sa kaɗan. Bana sai dai a lasa."

"Ƙarya kake yi wa gwamnati fa."

"Ba da ita nake ba, yarinya. Rubuta."

Damina ta yi kyau, itatuwa suka yi fure, zuma ta cika har tukwanen girki. Ƙarshen shekara ya biya cikon harajinsa cif, yana murmushi. Sai ga wasiƙa: abin da ya biya a cikin shekara ya gaza ƙwarai, akwai tara. Kuɗin zuma kuwa ya riga ya zama rufin kwano. Abin sayarwa ɗaya ya rage, jakar da ke turkensa, Mbithe, wadda ta shekara goma tana ɗaukar masa kaya.

Na raka shi ofis. Ma'aikaciyar ta saurari bayaninsa har ta share hawayen dariya.

"Dattijo, ni ma kakana mai amya ne. Amma doka ba ta san ƙuda ba."

A hanya na ce, "Tsoho, ka ji tsoron mai harbi ɗaya, ga mai harbi da takarda."

"Rufa min baki, kai da ko kaza ba ka da ita."

Yana da amya goma da ba ya taɓawa, kason ƙuda ne na rani. Washegari ya tsaya a gabansu da wasiƙar, ya cire hula.

"Don ku na yi ƙarya. Ko ku taimaka, ko Mbithe ta tafi kasuwa."

Ya kunna hayaƙi ya ɗebi rabi. Sau biyu kawai suka harbe shi, ya ce wannan amincewa ce. Zumar ta biya tarar, Mbithe ta kwana a turkenta.

Bana a shagon shayi cikin gari ya cika takardar, yana raɗa wa Kavindu adadin gaskiya. Ƙudan zuma ɗaya ya sauka a bakin kwanon sukari. Ndambuki ya kifa hularsa a kan takardar.

"Kasuwa babu daɗi bana," in ji shi, da ƙarfi.