Kujera a Zaman Makoki

"Wai kujera ka sa direba ya sauke maka? A zaman makoki?" Yaya Najla ta yi dariya har da riƙe ciki.

Taufiq ya sunkuyar da kai. Kansila yake nema a Tudun Wada, kuma jiya ya je ta'aziyyar limamin unguwar. Dattawa suna zube a tabarma, shi yana bisa kujera yana fifita da hula.

"Gwiwata ce ba ta saba ba," ya ce a hankali.

"Ayya, ɗan gatan unguwar Nasarawa! Shekara talatin ƙafarka ba ta san komai ba sai kafet. Wallahi ko ƙuri'ar maigadinmu ba za ka samu ba."

Maganar ta soke shi har ƙahon zuciya. Ya tuna fuskokin dattawan nan. Ba wanda ya yi fushi, kallon tausayi kawai suka yi masa, irin wanda ake yi wa majinyaci.

Ya miƙe tsaye. "Gobe sadakar uku. A ƙasa zan zauna har a shafa fatiha, ko da sai an ɗaga ni."