Taki a Jarkar Ruwan Sama

Kai maƙwabcinsu, kana nan ranar da Mas'uda ta jera kasaken shukarta a ƙofar gidansu a Rimawa, ka kau da kai, ka ce aikin banza ne.

Ilimin tsirrai ta karanta a Sakkwato, ta dawo da wani tsiro da bai kai akaifar yatsa faɗi ba. Ta sa masa suna 'yar raɓa, don ganyensa cike yake da ɗigon danƙo mai ƙyalli. Ƙwaro ya sauka ya maƙale, tsiron ya cinye shi. Ba ya son taki, ba ya son ruwan rijiya, sai wankakken yashi da ruwan sama. Shi ya sa ta tara jarkoki tun damina.

Yayanta Attahiru manomin albasa ne a bakin dam, wanda ake zuwa neman shawararsa. Sai ga mutane suna wuce shi a zaure suna tambayar ƙanwarsa. Har Alhaji Uwaisu, dattijon da ya koya masa noman rani, ya durƙusa gaban kasko.

"Attahiru, ka ga ikon Allah? Ɗiyar ga ta hi mu."

"Mi ta hi mu da shi, Baba? Albasata guda ta hi kaskon duka nauyi."

Mas'uda ta yi dariya. "Yaya, da ciyawa kaka kishi?"

Dariyar ce ta ɓata masa rai. A saninsa, tsiron da ya ƙi girma yunwa yake ji. In ya ciyar da shi ya yi faɗi, sai a ce hannun Attahiru ne. Da ta fita, ya jiƙa cikin tafi na takin zamani a jarkarta ta ƙarshe.

Kwana uku tana ba su ruwan. Ƙyallin ya ɗauke, ganye ya yi baƙi, kasko takwas suka mutu. Da ta girgiza jarkar ta ga farin gari a ƙasa.

"Gyara ni yi miki," in ji shi, bai ɗaga ido ba.

"Ka gyara, Yaya. Kira Baba Uwaisu shi zo shi gani."

Abu ɗaya ya tsira. Da sanyi tsiron kan fitar da 'yan ƙwayoyi kore a tsakiyarsa, ba su kai riɗi ba, kowace ta zama sabon tsiro. Tun kafin ɓarnar ta tsince wasu da tsinke ta ɗora kan jiƙaƙƙen yashi a gwangwani. Yashin yana bushewa, damina kuma saura wata biyar.

Ruwan batir da makanikai ke sayarwa a Goronyo tataccen ruwa ne, ba gishiri, zai riƙe su. Attahiru ya sani, girman kai ya hana shi hawa babur ya sayo mata.

Kai fa maƙwabci, mi ya hana ka? Tashi ka kai mata kwalba biyu yau, kafin yashin ya yi fari.