Akwatin Sautin Alhaji Mati

"Na yafe maka komai, Abu, har akuyarka da ta cinye mani zogale," in ji Alhaji Mati daga kan katifa, muryarsa kamar ta sauro. "Saura abu guda."

Malam Abu ya san abin. Tunda ɗan Mati ya aiko masa da wani baƙin akwati mai jawo karatu da kiɗa daga intanet zuwa manyan sifiku, maƙwabtan nan biyu na Ƙofar 'Yandaka ba su sake shan shayi lafiya ba. Abu ya ce tabulet ɗinsa ma tana yin wannan aiki, har da nuna hoto. Mati ya ce mai sana'a goma ba ya gwanancewa a ko ɗaya. Kuma dukansu biyu sai an ɗaga murya suke ji.

Yanzu ga likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a, ga Mati ya ƙi tafiya da musu a baki.

"Zulaihat, kunna mashi," in ji Mati ga matarsa.

Hajiya Zulaihat ta duƙa bayan kabad, ta ɗan jima. Karatu ya cika ɗakin, garau, har numfashin mai karatun ana ji. Abu ya dubi Mati. Taurin kai gadonsu ne, amma idon abokinsa ya faɗa ƙwarai, tausayi ya kama shi.

"To, na yarda. Akwatinka ya fi. Tawa gwangwani ce."

"Mi ka ce?"

Sai da ya maimaita har sau uku, na ukun da ƙarfi. Mati ya yi murmushi ya juya ya fuskanci bango. Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku Hajiya ta aika a kira Abu, ta miƙo masa wani abu cikin ɗankwali ta bayan labule. Tabulet ɗinsa ce, wadda matarsa Delu ta ce tana wurin gyara.

"Akwatin ya ƙone tun damina, Malam, da aka kawo wuta da ƙarfi. Ba mu iya faɗa mashi ba. Ita muka jona a baya."

Abu ya yi dariya har da tari. Ya waiwaya gefen da Mati ke zama, bakinsa cike da magana, ya tarar da katifar a naɗe jikin bango.

"Maida ta inda take, Hajiya," ya ce.

Ya ja hannun rigarsa ya goge saman akwatin.