Taku Huɗu a Burtali

"Gwadabe, ka tabbata mutuwar zai yi?" Kailani ya tambaye ni a ƙofar zaure. Ya dogara da sandarsa, ya ƙi shiga. "Bara ma haka aka ce. Na zo dubiya na tarar da shi yana shan fura, ya zage ni."

Na ce masa wannan karon furar ma ba ta wucewa. Sai ya cire malafarsa, ya sunkuya ya biyo ni.

Ni tela ne, katanga ɗaya ta raba gidana da na Malam Ɗantsoho a nan Tudun Wada, saboda haka ba mai ba ni labarin rigimarsa da Kailani. Shekara ashirin da biyu ina ɗinki da ita a kunne. Ɗantsoho na da gona a bayan gari, ta hanyar Tudun Jukun. A gefenta burtali ya wuce, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa rafi, kuma garken Kailani ne ya fi bin ta. Kowace damina Ɗantsoho sai ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya matsar da ita gaba kaɗan, da sunan gyara. Kowace kaka shanun Kailani su faɗa cikin dawa, da sunan ɓatan hanya. Sai a ɗunguma gaban mai unguwa. Ɗantsoho ya ce tun da aka halicci saniya ba a taɓa yin burtali a wurin ba. Kailani ya ce gonar kaf burtali ce, har bukkar da ke cikinta. Mai unguwa ya raba musu goro ya ce Allah ya ba da haƙuri. Da rani kuma, ba kunya ba tsoron Allah, Kailani ya sauke garkensa a gonar ta sha taki, Ɗantsoho ya aika masa da damin dawa, kowa yana cewa shi aka cuta.

Dariya muke yi, har gari ya fara cin gona. Ma'aikata na ta sauka a Tudun Wada, kowa na neman inda zai gina. Mai unguwa ya shiga faɗi cewa duk filin da ake gardama a kansa, in mai shi ya mutu bai bar ɗa namiji ba, hannunsa zai koma ya yanka wa masu gini. Ɗantsoho kuwa 'ya ɗaya gare shi, Rakiya, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara uku. Gonar nan ita ce tuwonsu. Kuma duk shekarun nan a gaban mai unguwan Kailani ke cewa ba gona ba ce.

Da muka shiga ɗakin, hantsi ya yi. Liman na zaune, mai unguwa ma na zaune, don Ɗantsoho ya sa an kira su duka. Rakiya na wajen kan mahaifinta tana masa fifita. Kowa ya ɗauka neman gafara za a yi, liman har ya gyara murya.

Ɗantsoho ya buɗe ido ɗaya.

"Ɗan Fillo, ka iso? Na ji ƙarnin man shanu."

"Na iso, Kaɗo," in ji Kailani. "An ce kana mutuwa. Na ce sai na gani, don ban taɓa ganin ka gama aikin da ka fara ba."

Liman ya ce, "Malam, lokaci ne na yafe wa juna."

"Shi zan yi," in ji Ɗantsoho. Ya daɗe yana tattara numfashi. "Ku shaida. Abin da Kailani ke faɗi gaskiya ne. Gonar nan ba tawa ba ce, burtali ce kaf. Ubana bai taɓa sa fartanya a wurin ba. Ni na ga fili na shiga."

Mafici ya faɗi daga hannun Rakiya. Mai unguwa ya gyara zama, na ga kamar har ya fara yanka filaye a zuciyarsa. Ni kuwa na ce a raina ciwo ya taɓa kan tsohon nan, ya kashe jikokinsa da bakinsa.

Kailani ya harari tsohon. Tun da suke bai taɓa amincewa da maganar Ɗantsoho ba. Ko cewa Ɗantsoho ya yi rana ta fito, sai Kailani ya leƙa waje.

"Ƙarya kake," ya ce. "Har a bakin kabari ƙarya? Aradu, ina bin shanun babana na ga ubanka Nagoda yana sassabe wurin nan. Daga ɗorawa zuwa suri, daga suri zuwa bakin rafi, gonarku ce, duk Bafillatanin da ke ƙasar nan ya sani. Taku huɗu ka sata, ta gabas. Kada ka mutu kana alfahari da satar da ta fi ƙarfinka."

"Za ka rantse?"

"A kawo Alƙur'ani in dafa."

Ɗantsoho ya juya ido wajen mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ka ji? Malam Liman, ka ji? Gwadabe fa?"

Muka ce mun ji. Mai unguwa ma ya ce ya ji, kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin wake.

Sai tsohon ya maida ido kan Kailani. "Uku ne."

"Huɗu."

"Da ƙafar wa ka auna? Kai da ko rijiya ba ka iya tsallakewa."

"Wa ke tsallake rijiya in ba ɓarawo ba?"

Suna kan haka liman ya gaji, ya shafa fatiha shi kaɗai. Bayan la'asar Ɗantsoho ya cika. Yafiya dai da baki ban ji an yi ba. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa, don maƙwabci irinsa ko masifarsa abin zama ce.

Ranar sadakar uku na ja Kailani gefe, na tambaye shi ko ya gane dabarar da aka yi masa.

"Wace dabara?" ya ce. "Mutum ya yi ƙarya na gyara masa." Amma ƙasa yake kallo, yana tona ta da babban yatsan ƙafa.

Gonar ta zauna a hannun Rakiya, ta sa 'yan ƙodago suka shuka dawa har inda mahaifinta ya bar iyaka. Wata safiya da damina na bi ta wurin zan kai ɗinki Tudun Jukun, na ci karo da garken yana wucewa. Wata farar saniya ta miƙa wuya cikin shukar da ke gabas, Kailani ya ɗora mata sanda ta koma cikin 'yan'uwanta. Sai ya tsaya a bakin gonar yana duban cikin dawa, kamar mai jiran a fito a zage shi. Har shanun suka gangara rafi yana nan tsaye.